Digirin kula da masu gigin tsufa ta intanet: in sayar da gwal ɗina ko in haƙura?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Shekara uku ke nan mahaifiyarmu tana hannuna a nan Kano. Hajiya ta yi shekara talatin tana sayar da atamfa a cikin gida, ba ta taɓa rubuta bashi a takarda ba, duk a ka take riƙewa, har matar da ta karɓi turmi tun sallar bara ta san nawa ya rage a hannunta. Yau Hajiya sai ta ci tuwo ta wanke hannu, kafin a ɗauke kwanon ta ce tun safe ba a ba ta komai ba. Da la'asar sakaliya kuma ta ƙulle kayanta a ɗankwali ta tsaya bakin ƙofa, wai za ta tafi gida Baba yana jiranta. Baban nata kuwa ya rasu tun ban shiga firamare ba. Likita ya ce cutar mantuwa ce, wadda suke kira dimenshiya, ya rubuta magani ya ce mu dawo bayan wata uku. Yadda zan yi da ita tsakanin yau da wata ukun nan, babu wanda ya gaya mini.

To ina ta bincike sai na ci karo da Jami'ar Tasmaniya a Ostareliya. Suna da cikakken digiri a kan kula da masu wannan lalura, kuma duk ta intanet ake yi, ba sai ka taka ƙafa can ba. Ni malamar firamare ce, NCE gare ni. Ina da 'yar sarƙa da awarwaro na gwal da na ajiye tun aure, zuciyata tana raya mini in sayar in fara. Maigida ya ce shi ba zai hana ni ba, amma na ga fuskarsa. Akwai wanda ya taɓa irin wannan karatu a cikinku?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya ba ki ladan jinya. Amma 'yar uwa, yaushe tsufa ya zama ciwon da ake yi wa digiri? Kakata ta yi gigin tsufa shekara shida, matan gidanmu da ko allo ba su sauke ba su suka riƙe ta har ta koma ga Allah. Haƙuri ake so, shi kuwa ba a karantar da shi a Ostareliya. Ki bar gwal ɗinki inda yake.

Maman Hanifa: Na gode Yaya. Haƙurin ina yi. Jiya sai da na shiga banɗaki na yi kuka na fito, saboda ta ce wa maƙwabciya ni nake sace mata kuɗi.

Sista 'Yar Zazzau: Baban Ummi, gidanku na wancan lokacin mata nawa ne a ciki? Ina jin ba su gaza takwas ba, ga jikoki, ga zaure da ba ya rabuwa da mutum. Wannan baiwar Allah ita kaɗai ce a gidan haya, da safe tana aji, da dare tana gadin ƙofa. Kada mu haɗa.

Kuma ba tsufa ba ne kawai. Shekara 31 na yi ina aikin jinya kafin in ajiye, na ga 'yan shekara casa'in da ƙwaƙwalwarsu ras, na ga 'yar shekara hamsin da biyar da ba ta gane 'ya'yanta. Matar da aka fara gano cutar Alzheimer, wato wani nau'in cutar mantuwa, a jikinta ma a Jamus, shekararta 51 lokacin da aka kai ta asibiti a 1901. Bayan ta rasu a 1906 likitan ya duba ƙwaƙwalwarta ya ga ta lalace da wasu dunƙule-dunƙule. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa kamar yadda hawan jini yake ciwo na jijiya.

Ɗan Kurmi: Sista kin zo da tarihi har da shekara. Mu dai a unguwarmu in tsohuwa ta fara haka cewa ake an yi mata jifa.

Ummu Khalil: Maman Hanifa, bari in ba ki abin da na sani da idona, don na yi ɗan ƙaramin karatun nasu. Cibiyar da ke kula da wannan fanni a jami'ar sunanta Wicking, a garin Hobart take. Kafin ki kai ga maganar digiri, suna da kwas na kyauta mai suna Understanding Dementia, tun 2013 suke yin sa, kowa a duniya yana iya shiga. Kashi uku ne: na farko ƙwaƙwalwa da yadda take aiki, na biyu cututtukan da ke kawo mantuwar, na uku shi kansa mutumin da abin ya sama da yadda za a zauna da shi. 'Yan makonni ne kawai, ni kamar awa uku nake ba shi a mako, yawanci bayan isha'i. Bidiyo ne gajeru da tambayoyi. Suna da wani kuma, Preventing Dementia, a kan rigakafi.

Digirin kuwa wani abu ne daban. Shekara uku ne in kin ba shi dukkan lokacinki, in kina haɗawa da aiki ya fi haka nesa ba kusa ba, kuma da dalar Ostareliya za ki biya a matsayin baƙuwa. Ki lissafa da canjin naira tun daga 2023 zuwa yau. Ina tsoron sarƙar nan zango ɗaya za ta kai ki ta ajiye ki a hanya.

Maman Hanifa: Anti, ke a can kike?

Ummu Khalil: A'a, ina arewacin Ingila, ina aiki a gidan kula da tsofaffi. Yawancin waɗanda ke ɓangarenmu masu wannan lalura ne.

Baban Ummi: To ga shi nan. Karatun mutanen da suke kai iyayensu gidan gajiyayyu ne za a kawo mana. Allah ya kiyaye.

Ummu Khalil: Yaya, ni ma da wannan tunanin na zo ƙasar nan. Akwai waɗanda suka yar da iyayensu, ba na musu. Amma akwai wani dattijo da kullum ƙarfe sha ɗaya yake zuwa wajen matarsa, ya taje mata kai, ya ba ta abinci a baki, ita kuwa ba ta san ko wane ne ba. Shekara biyu ina ganinsa. Mu kuma da muke taƙama ba ma kai iyaye ko'ina, na san gidan da aka kulle tsohuwa a ɗakin baya da kwaɗo, ana miƙa mata abinci ta taga, don kada baƙi su gani. Kowa da inda takalmi yake matsa masa.

Amma a kan karatun, maganarka tana da ƙamshin gaskiya. Da yawa daga misalansu na tsarinsu ne: gidan jinya, ma'aikata masu karɓa-karɓa, tallafin gwamnati, dokokin Ostareliya. Maman Hanifa za ta karanta shafuka a kan abin da babu shi a Kano.

Likitan Unguwa: Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Bari in raba maganar biyu, don an cakuɗa ilimi da takarda.

Takarda tukuna. Wannan digiri ba ya mayar da ke nas. A Najeriya ba ki da ikon yin aikin jinya sai da lasisin Majalisar Nas-nas da Ungozoma, shi kuwa ta makarantar jinya ake samunsa. In burinki aiki ne a asibitinmu, ki fara tambayar kanki a wane gurbi za a ɗauke ki, domin babu wani matsayi a tsarin aikinmu da aka yanka wa mai wannan takarda. Waɗanda suka fi cin moriyar irin wannan karatu su ne masu sana'a a hannu tun asali: nas, likita, mai gashin ƙashi, jami'in walwala. Irinsu ne suke yin digiri na biyu daga nesa a Jami'ar Stirling ta Sikotland ko ta Bradford a Ingila, su ɗora a kan abin da suke da shi.

Ilimin kuwa muna matuƙar buƙatarsa, kuma ba na jin kunyar cewa mu likitoci ma ba mu samu isasshe a makaranta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ne ke da wannan lalura, kusan miliyan 10 sababbi suna kamuwa duk shekara, kuma sama da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi ne, irin namu. Ba ciwon Turawa ba ne. Kashi 60 zuwa 70 na masu ita Alzheimer ce, amma a nan wajenmu ina yawan ganin wadda ke biyo bayan hawan jini da shanyewar ɓarin jiki, inda ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa suke toshewa kaɗan-kaɗan. Wannan ita ce mai tafiya kamar saukar matakala: mutum ya tsaya cak na wasu watanni, sai kwatsam ya ƙara sauka.

Maman Hanifa: Likita, Hajiya tana da hawan jini tun da daɗewa, kuma ba ta son shan maganin.

Likitan Unguwa: To wannan shi ne aikinki na farko, kafin kowane digiri. Sannan ki riƙe abu ɗaya da ke ceton rai. Cutar mantuwa a hankali take tafiya, wata da watanni. In kika ga Hajiya ta rikice fiye da yadda kika saba cikin kwana ɗaya ko biyu, tana barci ba ji ba gani ko tana fizge-fizge, kada ki ce ciwon ne ya ƙaru. Sau da yawa wani abu ne ya shigo: ciwon mafitsara, zazzaɓin cizon sauro, ciwon huhu, suga ya faɗi, ƙarancin ruwa a jiki lokacin zafi, ko ma kwana huɗu ba ta yi bayan gida ba. Ana magance shi ta dawo yadda take. Kuma don Allah jama'a, a daina zuwa kemis ana sayo wa tsofaffi ƙwayar barci don a samu a huta. Ita ke sa su faɗi su karya ƙugu. Akwai wani nau'in ciwon ma, wanda mai shi yake ganin mutane ko yara a ɗaki alhali babu kowa, in aka ba shi wasu magungunan masu taɓin hankali irin su haloperidol sai jikinsa ya sandare, abin ya zama haɗari.

Magungunan mantuwar kansu, donepezil da memantine da 'yan uwansu, suna ɗan rage wa wasu alamomin na wani lokaci. Ba sa warkarwa. Duk wanda ya ce miki yana da na warkewa, kuɗinki yake so.

Ɗan Zango: Gaisuwa daga Kumasi. Ɗan Kurmi ya yi maganar jifa kamar wasa, amma a nan Gana ba wasa ba ne. A arewa akwai sansanonin da ake korar tsofaffin mata su zauna bisa zargin maita, Gambaga shi ne wanda kowa ya sani. A watan Yulin 2020 an doke wata tsohuwa mai shekara 90 har lahira a Kafaba, mutane suna tsaye suna kallo. Ban ce tana da wannan ciwo ba. Amma ku yi tunani: tsohuwa ta fita da daddare ba mayafi, an tsince ta a bayan gidan wani, an tambaye ta me take yi ta kasa bayani, aka matsa mata ta ce e ita ce. Me kuke zato zai biyo baya? Ni don wannan kaɗai ina goyon bayan a samu masu ilimin abin a kowace unguwa.

Sista 'Yar Zazzau: Wallahi haka ne. Kuma kullum mace ce, kuma kullum wadda ba ta da mai tsaya mata. Ban taɓa jin an ce uwar mai kuɗi mayya ce ba.

Ɗan Kurmi: Na janye, Allah ya ba da haƙuri.

Maman Hanifa: Anti Ummu Khalil, ni abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganar tafiya gida da yamma. Na gaya mata gaskiya sau ba adadi, na ce Hajiya Baba ya rasu shekara arba'in. Duk ranar da na faɗa sai ta zauna a ƙasa ta yi kuka kamar yau aka yi rasuwar, ta ce me ya sa ba a gaya mata ba. Gobe kuma ta sake ƙulle kaya.

Ummu Khalil: Ki daina gaya mata. A wajenta kullum ranar ce ta fara ji, kina yi mata sabuwar mutuwa duk yamma ba ki sani ba. Ni ma haka nake yi da farko har aka koya mini. Rikicewar yamma sananniya ce a wannan ciwo, da rana ta fara faɗuwa take tasowa, ga gajiya, ga duhu yana canja kamannin ɗaki. Kuma wanda ya ce zai tafi gida ba lallai gini yake nufi ba, yana neman inda hankalinsa zai kwanta ne.

Ga yadda muke yi. Kafin lokacin ya yi ki kunna fitila, ki rage hayaniya, ki kashe talabijin. In ta ɗauki ƙunshin kada ki tare ƙofa, kada ki ƙwace. Ki ce to Hajiya, bari mu sha shayi tukuna. Ki tambaye ta gidan: wace bishiya ce a tsakar gidan, wa yake ɗebo ruwa, me Baba yake sayarwa. Abin da ya faru ɗazu ne yake ɓace mata, na shekara sittin yana nan daram. Wani lokaci ma ki ɗauki mayafi ku fita tare, ku zaga layi ku dawo, ta shigo ta manta da tafiyar.

Wani malami a Bradford, Tom Kitwood, shi ya yi fice wajen koyar da cewa a fara ganin mutumin kafin ciwon. Ya rasu a 1998 amma har yau a kan tafarkinsa ake horar da mu. Abin da ya nuna shi ne, yawancin abin da muke kira rigimar mara lafiya, martani ne ga yadda muke yi masa: a yi magana a kansa yana zaune kamar ba ya nan, a yi masa tsawa kamar yaro, a ƙwace masa duk wani aiki. Hajiya 'yar kasuwa ce, ki ba hannunta abin yi.

Baban Ummi: Wato dai a koya mata ta riƙa yi wa uwarta ƙarya. Wannan shi ne digirin?

Ummu Khalil: Ina ƙaryar a cikin "bari mu sha shayi"?

Baban Ummi: In ta tambaye ta kai tsaye, Baba yana nan? Me za ta ce?

Malam Na Zaure: Tambayar Baban Ummi tana kan hanya, kada a yi masa ca. Ƙarya haramun ce, kuma ba na son mu buɗe ƙofar da za a riƙa yaudarar tsoho a karɓe masa dukiya da sunan lallashi, don hakan yana faruwa, an sa masu wannan hali sun dangwala hannu a takardar gida. Amma malamai sun san abin da ake kira tauriyya, wato ka faɗi magana ta gaskiya wadda ba za ta cutar ba. In ta ce Baba yana nan, ki ce Hajiya kewarsa kike yi ko? Allah ya saka masa da alheri, ba ni labarinsa. Ba ki ce yana raye ba, ba ki kuma soka mata wuƙa ba.

Shi wannan hali ba baƙo ba ne a addini. A Suratun Nahli aya ta 70 Allah ya ambaci wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani, an kuma maimaita a Suratul Hajji. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana neman tsari daga kaiwa wannan matsayi. Kuma ya inganta cewa an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe. Don haka in Hajiya ta yi azahar sau uku, ko ta yi raka'a bakwai, ko ta ci abinci da rana a watan azumi, ki ƙyale ta. Kada a tsaya a kanta ana gyara mata har ta ji kunya. In ta tashi yin sallar a shimfiɗa mata darduma, wataƙila ita ce abu na ƙarshe da zai bar ta.

Maman Hanifa: Allah ya saka da alheri Malam. Wallahi Fatiha da ƙananan surori ko harafi ba ta ɓatawa, amma sunan Hanifa ya gagare ta.

Bamaraɗe: Sallama daga Maraɗi. Ni tambayata, duk wannan karatu da Turancin Ingilishi ne ko? Mu nan lakkal da Faransanci muka yi, kuma mai jinyar tsohuwa a gidajenmu ba ita ce mai digiri ba, ƙaramar matar gida ce ko wata jika da aka cire daga makaranta. Abin da Hajiya Ummu Khalil ta rubuta yanzu ya fi mini amfani da duk abin da na ji a shekara biyu da muke fama da kawuna. In da za a samu wanda zai karanta, ya juya shi da Hausa cikin murya a riƙa turawa a WhatsApp, da an taimaki mutane daga nan har Agadas.

Likitan Unguwa: Akwai abin da aka riga aka tanada don haka. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da wani kundin horar da masu jinya a gida mai suna iSupport, kyauta ne, kuma an yi shi ne don kowace ƙasa ta fassara ta daidaita da al'adarta. Har da babi a kan yadda mai jinyar za ta kula da kanta.

Maganar daidaitawa ta tuna mini wani abu da ke nuna iyakar karatun waje. Gwajin ƙwaƙwalwa da aka saba da shi a littattafansu yana cewa mutum ya zana agogo, ko ya rubuta jimla, ko ya faɗi kwanan wata na Bature. Ka ba tsohuwar da ba ta taɓa riƙe biro ba, ta faɗi warwas alhali lafiyarta ƙalau. Masu bincike a Ibadan ne suka fito da dabarar tsinken ashana: a jera guda huɗu a wani fasali, a ce ta kwaikwaya. Tun 1992 aka fara wani dogon bincike da ya kwatanta tsofaffin Yarabawa a Ibadan da baƙaƙen fatar Amurka a Indianapolis, Farfesa Adesola Ogunniyi yana cikin jagororinsa, kuma sun samu ciwon ya fi ƙaranci a Ibadan. Asibitin koyarwa na can ne kuma ya buɗe cibiyar kula da tsofaffi a 2012. Ina nufin ilimin yana nan a gida ma, bai dai hauro mana sosai ba.

Sista 'Yar Zazzau: Tunda an zo nan bari in faɗa wa matasan zauren. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 da ya ce in an magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon. A ciki akwai hawan jini, ciwon suga, taba, ƙiba, rashin motsa jiki, buguwa a ka, kaɗaici, raunin ji da raunin gani da ba a kula da su ba, da rashin samun karatu tun yarinta. Masu hawa babur ba hular kwano, da ku nake. Masu cire yara mata daga makaranta, ku ma.

Ɗan Kurmi: Ni tambayata daban ce, kada a yi mini dariya. In mutum ya yi digirin nan zai samu bizar aiki a Ingila?

Ummu Khalil: Na san za a zo nan. A'a. Lokacin da aka buɗe ƙofar aikin kula da tsofaffi a 2022 ba digiri ake tambaya ba, kamfanin da zai ɗauki nauyinka ake nema, kuma mutane da yawa sun sayar da filaye sun ba dillalai, suka zo suka tarar babu aikin. A Maris 2024 aka hana masu wannan aiki zuwa da iyali, a Yulin 2025 kuma aka rufe ɗauko sababbi daga waje. Duk wanda ya ce ka biya shi ya kawo ka aikin kula da tsofaffi yanzu, ka riƙe aljihunka. Aikin kuma ba irin na hoton Instagram ba ne, awa goma sha biyu kana tsaye, kana wanke kashi da fitsari.

Baban Ummi: A bar na gida a je a wanke na wasu.

Admin: Baban Ummi, a sassauta. Kowa da dalilin da ya fitar da shi.

Maman Hanifa: Ni ba fita nake son yi ba. Abin da ke raina, in Allah ya sa na iya, wata rana in buɗe ɗan wuri a unguwa da za a riƙa kawo irin su Hajiya da safe a ɗauke su da yamma, 'ya'yansu su samu su je aiki. A layinmu kaɗai na san gida uku.

Sista 'Yar Zazzau: To yanzu kika yi magana. In wannan ne burin, digirin yana da ma'ana, amma ba yanzu ba, kuma ba da kuɗin gwal ba. Ki yi na kyautar ki gani ko za ki iya haɗa karatu da jinya da aji, ga wutar da ba ta zama, ga kuɗin data, ga shi Hobart ta riga mu da awa tara zuwa goma, in an sa darasi kai tsaye da ranarsu ke tsakar darenki ne. Gwal ɗin nan kuma za ki neme shi. Akwai lokacin da zai zo sai kin sayi kunzugun manya kullum, sai kin ɗauki mai taya ki kwana. Ban faɗa don in karya miki zuciya ba. Ina kuma 'yan uwanki maza? Ba ke kaɗai ta haifa ba. A zauna a raba, mai kuɗi ya kawo kuɗi, mai lokaci ya karɓe ki ko kwana biyu a wata ki yi barci.

Maman Hanifa: Su uku ne Anti. Suna turo kuɗin magani. In sun zo gaishe ta kuma sai ta zauna tsaf ta yi musu hira kamar ba ita ba, su tafi suna cewa ni ce nake zuzutawa.

Ummu Khalil: Haka suke yi, gaisuwa da ladabin karɓar baƙo suna daɗewa ba su goge ba. Ki bar wa babban cikinsu ita daga la'asar zuwa isha'i rana ɗaya, ke ki tafi unguwa.

Ɗan Zango: Ki kuma sanar da masu shagon layi da masu gadin unguwa halin da take ciki. Ki ɗinka lambar wayarki a cikin gefen mayafinta. Mu haka muka yi.

Maman Hanifa: 'Yan uwa na dawo, yau kwana goma sha takwas. Ban sayar ba. Na yi rajistar na kyautar, ina kashi na farko, Turancinsu yana da sauri amma akwai rubutu a ƙasan bidiyon, ina tsayarwa in duba ƙamus. Yaya Babba ya zauna da ita ranar Asabar kamar yadda Anti ta ce. Ƙarfe bakwai ya kira ni yana tambaya ina na ajiye makullin ƙofa.

Na kuma gwada maganar ba hannunta abin yi. Na kwaso atamfofina guda shida na zube mata a tabarma bayan la'asar, na ce Hajiya a taya ni ninkewa. Ta ɗauki ta farko ta murza bakinta tsakanin yatsu, ta kai hanci ta shinshina, ta ce wannan roba ce, nawa aka sayar miki? Na faɗa. Ta ce an cuce ki, yarinya, ke 'yar gidan wa ce? Na ce 'yar gidan Hajiya mai atamfa. Ta ce to ki gaya mata ta riƙa aiko ki wajena. Har aka kira magariba tana ninkewa tana warwarewa. Jiya dai ta sake ƙulle kayan, mun zaga layi sau biyu kafin ta yarda ta shigo.

Baban Ummi: Ni dai har yanzu ban ga abin da Ostareliya ta ƙara ba, duk a nan zauren aka gaya miki. Amma gwal yana ta hawa, gara da kika bari.

Bamaraɗe: Hajiya Maman Hanifa, maganar muryar fa? Ko minti biyar-biyar ne, duk abin da kika karanta a mako.

Maman Hanifa: Zan gwada in sha Allah, amma sai ta yi barci. Likita, tun shekaranjiya tana tari duk lokacin da ta sha ruwa, kunu kuma ba ya sa ta. In jira ranar da aka ba mu ko in kawo ta gobe?

Likitan Unguwa: Gobe. Kafin nan ki zaunar da ita sosai in za ta sha, kaɗan-kaɗan da cokali, kada ki ba ta tana kwance.